Tabaron "Wa Ya Ci Riba?" da Abin da Ya Hango a Sabo

 

Jama'a, akwai wata tambaya da ta shigo unguwar nan tare da 'ya'yanmu masu karatun jami'a, kuma ga alama da zama ta zo. Ka ce da yaro ga al'adar da muka tarar, sai ya ce, "To Baba, wa ke cin moriyarta?" Ka kawo zancen sarauta, ko kuɗin ƙungiya, ko yadda ake riƙe yaron shago, tambayar dai ita ce. Dattawa da yawa kamar zagi suke jin ta. Mu kuwa da muke raba yini tsakanin kasuwa da masallaci, sai muka ga gara a san asalinta, a juya ta ciki da waje kamar kowane kaya, kafin a ce an saya ko an fasa.

Malaman jami'a ra'in tarken al'umma suke ce wa abin. A birnin Farankfut na ƙasar Jamus ya fara, inda aka kafa wata cibiyar bincike a 1923. Wani saurayi, Felix Weil, shi ya zuba kuɗin, kuma dukiyar ta mahaifinsa ce, babban falken hatsi da ya yi arziki a Ajantina. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. A 1930 Max Horkheimer ya zama shugaban cibiyar. Mutanen nan sun sha karatun Karl Marx, wanda ya sa ran leburori za su gaji da zalunci su tashi su kifar da masu jari. Sai ga shi a ƙasarsu talakawa da yawa sun bi Hitila, ya hau mulki a 1933, aka rufe cibiyar, suka gudu Janiba, daga can sai Niyok a 1934. Abin da ya tsaya musu a rai ke nan: me ke sa mutum ya rungumi abin da ke cutarsa, har ya yi faɗa a kansa? Suka ce amsar ba a albashi kaɗai take ba. Tana cikin tarbiyyar gida da makaranta da rediyo da silima, inda ake koya wa mutum cewa yadda abubuwa suke haka aka halicce su. A 1937 Horkheimer ya rubuta cewa ilimin da ya tsaya ga siffanta al'umma kawai bai isa ba, sai wanda zai tona asirin danniya don a kuɓuta. Daga baya, suna zaune a Kalifoniya lokacin yaƙin duniya, shi da abokinsa Adorno suka kwatanta nishaɗin zamani da masana'anta, mai fitar da fim da waƙa kamar kayan gwangwani, a ba lebura ya sha da dare don ya iya komawa aiki da safe.

To, wannan na Jamus da Amurka ne. Abin da ya sa zancen ya shafe mu shi ne an taɓa ɗora irin wannan tabarau a kanmu, mu ɗin nan, a unguwar nan. Daga 1962 zuwa 1963 wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna yana nazarin Sabo, kuma a 1969 ya fitar da littafin da ma'anar sunansa ita ce al'ada da siyasa a biranen Afirka. Haifaffen Bagadaza ne, Bayahude, yana jin Larabci, a Mancesta ta Ingila ya yi karatu. Shi ba almajirin mutanen Farankfut ba ne, makarantarsa daban, amma tambayarsa 'yar gidansu ce: wannan al'adar, wane aiki take yi, kuma ga wa? Littafin ya shahara har ana koyar da shi a jami'o'in duniya. Ɗalibai a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba sun san Sabon Badun ta bakinsa, mu kuwa jikokin waɗanda ya rubuta labarinsu da ƙyar ka sami goma da suka taɓa riƙe shi. Mu ma Turancinmu na ciniki ne. Yaranmu biyu suka riƙa karanta mana suna fassarawa bayan Isha'i har muka sauke.

Ga abin da ya ce. An yanka wa Hausawa Sabo a 1916, kafin nan cikin gari suke sauka a gidajen Yarbawa. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, fatauci ya buɗe: shanu su gangaro, goro ya hau. Amma fataucin nesa a wancan zamani, ba banki, ba inshora, ba waya a aljihu, a kan me zai tsaya? Falke ya taso da garke daga Arewa. Ya san ba zai iya ajiye shanu a kurmi ba, tsando na nan, sammore zai kama su su rame, dole ya sayar da wuri. Mahaucin Bayarabe kuma ba shi da kuɗi a hannu, sai ya yanka ya sayar sannan ya biya. Falke bai san mahauci ba, bai ma jin yarensa. Nan maigida ya shigo, wato fatoma. Shi zai sauki baƙo, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, dillalansa su san wane mahauci ne mai cika alkawari wane ne mai taurin bashi, kuma in an ci bashin, wuyan maigida ne a ciki. Cohen ya ce a lokacinsa kusan shanu 75,000 ake sayarwa a karar Badun duk shekara, akasari bisa lamuni, ba takarda ba sa hannu. Goro ma haka, kaya ne mai son a kula da shi, huhu ya kwana biyu a inda bai kamata ba an yi asara.

Daga nan ya gina hujjarsa. Ya ce amanar da ke riƙe da wannan ciniki, zama Bahaushe ne ya samar da ita. Harshe ɗaya, sutura ɗaya, alƙibla ɗaya, unguwa ɗaya inda kowa ya san kowa, wanda ya ci amana kuma labarinsa ya riga shi isa Kano. Saboda haka, in ji shi, riƙon al'adar da mutanen Sabo suke yi ba kewar gida ba ce kawai. Katanga ce da ta kewaye cinikin shanu da goro don kada wani ya shigo. A zamanin Bature hukuma ce ke tsaron katangar, domin ta yarda Sabo na da sarkinta da dokarta. Da aka shiga shekarun 1950, siyasar jam'iyyu ta zo, wannan goyon baya ya yi rauni, ga Yarbawa Musulmi da yawa ana haɗa sahu da su, har ana iya ƙulla aure. Katanga ta fara tsagewa. Daidai lokacin ne, wajen 1951 zuwa 1952, akasarin mazan Sabo suka shiga Tijjaniyya, kuma a 1952 unguwa ta daina zuwa babban masallacin gari ta tsayar da Juma'arta. Cohen ya ce ɗariƙa ta maye gurbin abin da Bature ya janye: haɗuwa kullum a wazifa, jerin muƙaddamai da malamai da ake jin maganarsu, da iyaka tsakaninmu da maƙwabta.

Mu faɗi gaskiya, mutumin nan ya ga abu. Babinsa na lamuni a kara, duk tsohon dillalin da aka karanta wa zai gyaɗa kai. Ya gane cewa a Sabo ɗaki shi ne jari. Mai ɗakuna shi ke saukar baƙi, mai saukar baƙi shi ke cin la'ada, mai la'ada shi ke tara yara, mai yara kuma shi ake ji a fada. Ya nuna masu gida 'yan ƙalilan ne ke riƙe da kaso mai yawa na gidajen unguwa. Har bara ya bi, ya ga ita ma da tsarinta da sarakunanta, na makafi da na guragu da na kutare. Waɗannan abubuwa ne da kowa ya sani amma ba a faɗa, kuma jin su daga bakin baƙo akwai ɗaci. Ɗacin bai mai da su ƙarya ba. Wanda duk zai ce a watsar da littafin don marubucin ba Musulmi ba ne, to ya tuna a kasuwa ba ma tambayar addinin wanda ya ƙera sikeli, dubawa muke ko yana auna daidai.

Inda muka rabu da shi, kan ɗariƙa ne. Ba muna magana a matsayin masu kare wani ɓangare ba, masu karanta mujallar nan akwai 'yan ɗariƙa akwai 'yan Izala, duk namu ne. Maganar hujja muke. Failar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ba a Sabo ta tsiro ba. Ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajji tun 1937, kuma daga shekarun 1940 zuwa na 1950 abin ya bazu a Kano da Zariya da Gusau har Kumasi. To a cikin birnin Kano wane Bayarabe ake tsare wa cinikin goro? Ruwan da ya sauka a ƙasa baki ɗaya ba a cewa don gonar mutum ɗaya ya zubo. Mutanen Sabo kullum suna kan hanya tsakanin nan da Arewa, malamansu can suka yi karatu, abin da ya motsa zukata a can dole ya iso nan cikin jirgin da ke kawo shanu. Sannan Yarbawa ma sun shiga ɗariƙar, suna ciki har gobe. Katangar da maƙwabci ke iya shiga ta ƙofa ɗaya da kai, ai ba ta cika katanga ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin amfanin abu da dalilinsa, kuma nan ne tabaron yake yawan yin hazo. Alhazai suna ciniki a Makka, Alƙur'ani ma ya halatta musu, wasu da jarin da suka ƙulla can suka tashi. Amma ba mai hankalin da zai ce don kasuwa aka wajabta Hajji. Mun yarda haɗuwar wazifa ta ƙara danƙon amana tsakanin masu gida da baƙinsu. Ruwa ba ya tsami banza, biri ya yi kama da mutum. Sai dai ɗan dakon da ba shi da ko sisi a la'adar kowa, wanda ke tashi kafin asuba ya ja lazimi shi kaɗai a shagon da yake kwana, ba mai ganinsa, shi wace riba yake tsaro? Masu wannan ra'i amsarsu a shirye take: ai shi ne aka fi yaudara, yana ƙarfafa tsarin da ke cinsa bai sani ba. Nan fa girman kan abin yake. Kowa a rufe idonsa yake, sai mai tabarau. Imam Nawawi da hadisin niyya ya buɗe Arba'una, kuma mu an koya mana niyya a zuci take, ba a ganinta daga waje. Wanda bai taɓa zama a sahun ba yana iya ƙirga masu sahu ya san sana'ar kowa, abin da ya zaunar da su ne ba zai iya ƙirgawa ba.

Mu dawo kan kuɗin hatsin nan. Da za mu ara tabaronsu mu duba su, sai mu ce duk abin da Horkheimer da Adorno suka rubuta ribar alkamar Ajantina ce ke magana, 'ya'yan masu kuɗi ne ke wanke zuciyarsu. Yaranmu za su ce wannan rashin adalci ne, tunanin mutum ya wuce aljihun da ya ciyar da shi. Madalla, mun yarda. To wannan uzurin da aka yi wa malaman Farankfut, a yi wa kakanninmu irinsa.

Wani abin kuma, shekara sittin ta wuce, zamani ya gwada maganar. Yau mai shanu a Potiskum yana waya da mai saye kai tsaye, kuɗi su faɗa asusu kafin tirela ta tashi. Kara ta koma Akinyele. Sabo yanzu an fi saninta da canji da tsire. An kafa Izala a Jos a 1978, ta iso nan, masallatai suka yawaita, haɗin kai na ɗariƙa ɗaya ya zama tarihi. Amma unguwa na nan, Hausa na nan a bakin jikokin da ba su taɓa taka Arewa ba. Da muka faɗi haka, ɗaya daga cikin masu yi mana fassara ya ce, "Ai Malam wannan ma hujjarsa ce, da ciniki ya daina buƙatar haɗin kai sai haɗin kan ya watse." Kun ji matsalar. In mun haɗu, riba ce ta haɗa mu. In mun rabu, riba ce ta raba mu. Da kakanninmu sun ci gaba da Juma'a a cikin gari, da an ce neman masu saye suke. Sikelin da duk abin da ka ɗora masa lamba ɗaya yake nunawa, ɗan kasuwa ya san abin da ake yi da shi.

Amma kada dattawa su yi saurin cewa Malam ya gama da yaran nan. Ba mu gama ba, domin tambayar tasu tana da gida a wurinmu tun kafin a haifi Horkheimer. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya jero al'adun sarakunan zamaninsa, jangali da kuɗin gari da gaisuwa, ya nuna wa ke ci wa ake ci, bai ce tunda an gada a bar su ba. Ƙanensa Abdullahi, da ya ga wasu daga cikin jama'arsu sun karkata ga dukiya da mulki, barin rundunar ya yi ya nufi gabas har ya tsaya a Kano, kuma ya rubuta damuwarsa a Tazyinul Waraƙati. Wato nasa ya fara tuhuma. A zamaninmu Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da littafi a 1987 kan yadda manya ke juya addini don su rufe cin da suke yi wa talaka, Musulmi da Kirista. Sura guda aka saukar kan masu tauye mudu, muna karanta ta a salla. Wanda ya yarda ana iya tauye mudun hatsi, me zai hana shi yarda ana iya tauye mutum da sunan al'ada?

To bari mu ɗora tabaron inda yake gani da kyau. Yaro ya zo daga ƙauye, ya shiga hannun maigida, shekara bakwai, shekara goma, ba a yanka masa albashi ba, ba a sa ranar sallama ba. In ya tambaya a ce ba shi da kunya, ai ɗa ne a gida. Wani maigidan, Allah Ya saka masa, yakan yi wa yaronsa aure ya ba shi jari. Wani kuwa sai ƙarfin yaron ya ƙare sannan a nemo laifi a kore shi. Kalmar "ɗa" a nan wa ta yi wa aiki? Maƙwabtanmu Ibo tun ranar ɗaukar yaro ake yanka shekaru gaban iyayensa, ko da yake su ma ana samun masu saɓawa. Mu da addininmu ya yi umarni a rubuta bashi, mu ne muke jin kunyar rubuta haƙƙin yaro.

Haka kuɗin da ake karɓa a wasu ƙungiyoyinmu, na mako, na tirela, na rumfa. Ba mu ce wani ya ci ba. Mun ce ba a karanta lissafi, kuma duk wanda ya nemi a karanta sai a ce yana son raba kan Hausawa a bakin duniya, a rufa wa juna asiri. Rufin asiri abu ne mai kyau, da shi baƙo ke rayuwa a garin da ba nasa ba. Amma in kullum asirin mutum biyar ake rufewa da bakin mutum dubu, yaro yana da gaskiya in ya tambaya. Lokacin zaɓe ma haka, a zo a ce an gana da "al'ummar Hausawa", alhali mai turin baro da mai wankin takalmi da 'yar tallar da ba ta zuwa makaranta ba wanda ya ji ta bakinsu. Ita kanta kalmar Bahaushe a kudu, ta haɗa Bafulatani da Babarbare da Banufe da Bazabarme da Buzu. Inuwa ce mai faɗi, kuma mai riƙe da sandar lemar yana da abin da yake samu.

Sai rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, wanda har yau wasunmu ba su farfaɗo ba. Jaridu suka ce faɗan Hausawa da Yarbawa. Daga saɓanin mutum biyu aka tashi, aka rasa rayuka, rumfuna da gidaje suka ƙone. Waɗanda suka kwana a fili, ta kowane ɓangare, masu ƙaramin ƙarfi ne, mutanen da shekara da shekaru suna cin bashin juna suna biya. A irin wannan wuri tambayar wa ya ci riba ba rashin kunya ba ce, ita ce ma ke hana matashi ɗaukar sanda don an ce masa ƙabilarsa aka taɓa. Laifi tudu ne, in za mu yi wa maƙwabta wannan tambaya, mu yarda a yi mana ita a cikin gida.

Abin da ke ba mu haushi da yaranmu ɗaya ne. Sun ɗauko tambayar sun bar wahalar. Cohen, duk da saɓaninmu da shi, fiye da shekara ya yi yana bin gida gida yana ƙirga, yana zama a kara yana kallon yadda ake ƙulla ciniki, yana sauraron tsofaffi, yana tonon takardun hukuma. Namu kuwa daga waya suke yanke hukunci, kalma biyu uku da aka haddace a aji, komai "danniya", komai "dabarar masu jari". Ɗan unguwa yana da abin da baƙo bai da shi. Ya san harshen, ya san wa ya haifi wa, yana iya shiga cikin gida ya ji ta bakin iyayenmu mata, waɗanda sana'arsu ta cikin kulle ta riƙe gidaje da yawa. Ya kuma san abin da mutum ke ji in ya sa goshi a ƙasa, don haka ba zai ce duk lissafi ne ba.

Har yanzu akwai tsofaffi a unguwar nan da suka ga zamanin da ake koro shanu a ƙasa, suka ga ranar da aka fara Juma'a a Sabo suna yara. Ba su da yawa, kuma duk shekara muna sallatar wasu. Muna roƙon masu karatun cikinmu su fara da fassara babin lamunin nan zuwa Hausa, a buga shi kashi kashi a mujallar nan, a kai wa waɗannan dattawa a karanta musu, a rubuta inda suka ce haka ne da inda suka ce baƙon bai fahimta ba. Mu daga ɓangarenmu za mu ba da zauren makaranta bayan Isha'i ran Asabar, da kuɗin takarda.